Ƙasar Pennsylvania a Cikin Kwalba

Tun da hantsi yake zagaya maƙabartar ƙauyenmu a nan Jamus, wani dogon dattijo da hular Amurkawa, rungume da kwalba kamar jariri. Yana duƙawa gaban kowane kabari, ya karanta suna, ya miƙe da ƙyar. Ina jin noma ne ya cinye gwiwoyin nan.

Frau Irmtraud, wata 'yar ƙauyenmu da ke shayar da furannin kabarin mijinta, ta kasa haƙuri. "Bawan Allah, wa kake nema?"

Da guntun Jamusancinsa yake mata bayani. Kakan kakanninsa, Valentin Hauck, ya bar nan zuwa Pennsylvania ta Amurka tun Ingila na mulkin can, bai ƙara ganin mahaifiyarsa ba. Ƙasar kabarin Valentin ce a kwalbar, ya kawo don ya zuba a kabarin mahaifiyar tasa.

"Ayya," in ji ta. "Ai mu nan aron kabari ake yi. Shekaru na ja, a cire dutsen kabarin, a binne wani."

Ya yi tsaye yana kallon kwalbar.

"Zuba ko'ina," in ji ta. "Duk inda ka zuba, a kanta ka zuba."

Ya durƙusa gindin katanga yana kwance murfin. Ita kuwa ta miƙa masa butar ban ruwanta.