Bishiyar Yaya Rabi tana neman taga

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan na dawo daga aiki, ko takalmi ban cire ba, aka kira ni aka ce Yaya Rabi ta rasu.

Na gaji, jama'a. Wallahi na gaji da irin wannan kiran a ƙasar da ba tamu ba.

Ga wanda bai san ta ba, 'yar Zariya ce, tare muke aikin kula da tsofaffi a nan garin Laurel. Ita ta ba ni rigar sanyina ta farko, wadda ta yi mini yawa har nake shara da ita a hanya.

Amma duk wanda ya san Yaya ya san bishiyar lemun tsaminta.

A wani ƙaton baho ta dasa ta. Da zafi tana baranda, sanyi na ƙaratowa sai a jawo ta falo, gaban taga. Wa ke jan? Ni ce. Duk shekara sai ƙayarta ta yage mini hannu, ina ja ina mita, ga lemo nan jibge a kantunan garin Wheaton da ke kusa da mu, wannan wahalar ta mece ce? Sai ta yi kunnen uwar shegu da ni, ta ce in ɗaga ɓangarena da kyau.

A cikin falo take yin fure, waje duk dusar ƙanƙara, babu ƙudan zuman da zai bi furen ya sa ya yi 'ya'ya. Sai Yaya ta sa tabarau, ta ɗauki tsinken goge kunne, ta bi furannin ɗaya bayan ɗaya, alhali ko barcin gajiyar aiki ba ta yi ba. Wai ita ce ƙudan zuman gidan.

Abin haushin ma, ba ta shan lemon, olsa ta hana ta. Rabarwa take yi. Mai jego, mai mura, sabon zuwa da kewar gida ta dame shi, kowa ɗaya, a naɗe cikin tishu. Na taɓa tambayarta ribarta. Ta ce ba ta haƙa rijiya ba, ba ta gina masallaci ba, wannan ce kaɗai za ta bari a ci gaba da amfana da ita bayan ta tafi.

Makon jiya na je duba ta a asibiti. Ta rame, magana ma da ƙyar.

"Hadiza, kin shigar da ita?"

Na ce Yaya, har yanzu akwai rana, ki ji da kanki tukuna.

"To. Kada dai sanyin farko ya same ta a waje."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ɗazu na je gidan gaisuwa, falo cike da mata. Wata ta duba waya ta ce yau sanyi zai daskarar da ruwa. Na leƙa ta gilashi, ga bishiyar can a baranda, 'ya'yanta kore shar, ba su kai ga nuna ba.

Kunya ta kama ni, ana zaman makoki mutum ya tashi jan baho? Na dai tashi. Ni kaɗai ko motsa shi ban iya ba. Sai ga Safiya, 'yarta tilo, ta fito ido jawur ta kama ɗaya ɓangaren. Mata suka janye ƙafafunsu, har muka kai ta gaban taga.

Ƙayar ta yage ni kamar kullum. Sai dai yau ba wanda ya ce in ɗaga ɓangarena da kyau, kuma a nan ne kukan ya ƙwace mini.

Yanzu ga roƙona. Safiya za ta koma makaranta a wata jihar, gidan kuma na haya ne, za a mayar. Ni a ɗakin ƙarƙashin ƙasa nake, rana ba ta leƙo ni. Duk mai tagar da rana ke wuni a kanta, ko a Laurel ko a Fort Washington, ya yi mini magana ya karɓi bishiyar. Zan zo in yi jan, zan zo da tsinken. Sharaɗi ɗaya ne, in sun nuna a rabar, ladan ya isa gare ta.

Allah Ya jiƙan Yaya Rabi, Ya gafarta mata, Ya sa ta huta. Allah Ya ba Safiya haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, ko bai taɓa shan lemonta ba.