Mma Zuera da Ƙwayoyin da Shetu Ta Raba

Kafin masu koko su sauke tukunyar farko, Mma Zuera ta riga ta fito. Takan yi sallar asuba, ta saɓa tsohon mayafinta, ta bi bakin babbar gota, magudanar ruwan da ta raba unguwannin Nima da Maamobi, tana shiga gida-gida. Nan ta duba cibiyar jariri, can ta tsaya kan mai jego sai ta ga ta sha kunu, gaba kuma ta ja wata gefe su yi maganar da maza ba sa ji. Haka take tun zamanin Turawa. Rabin magidantan unguwar nan ita ta yanke musu cibiya, har da ni mai wannan rubutu.

Amma tun bara ƙofofi da yawa sun daina amsa sallamarta. An ɓata mata suna a banza. Yanzu idonta ya yi rauni, ta ce daga sallar nan ta ajiye aiki, ni kuwa wallahi ba zan zuba ido ta ajiye shi da wannan tabo ba.

Da ƙwayar hutun haihuwa ta iso asibitinmu, likita ba ya jin Hausa, mata kuma ba sa sakin jiki da nas. Sai aka roƙi Mma Zuera ta riƙa bayani. Ba ta taɓa yi wa kowa daɗin baki ba.

"Tsakanin jini da jini akwai 'yan kwanakin da ƙwan mace ke saukowa," haka take ce musu. "A nan ciki ya fi shiga. Ƙwayar nan hana ƙwan saukowa take yi, amma sai in ana sha kullum, maigida yana gari ko ba ya nan. Ba laya ba ce da za ki rataya ki manta. In kin tsallake, ya sauko abinsa. Ko mai sha kullum ban rantse mata ba, sai dai da wuya ƙwarai."

Cikin masu saurare akwai Shetu, mai sayar da wake da shinkafa a Kasuwar Malam Atta. A haihuwarta ta shida jini ya ɓalle mata, da ƙyar aka ƙwato ta. Likita ya kira mijinta Ishawu, direban da ke ɗauko albasa daga Bawku, ya ce masa in ta sake ɗaukar ciki, to a shirya. Ishawu ya amince, aka ɗora ta a kan ƙwaya.

Ba a rufa shekara ba sai ga Shetu da ciki. Mma Zuera ta bi ta wata tara kamar inuwa, ta kai ta asibiti tun naƙuda ba ta kankama ba. Jaririya ta rayu. Shetu kuwa jini ya tafi da ita kafin azahar.

A wurin zaman makoki Ishawu ya miƙe cikin jama'a, idonsa jawur. "Mma, ke kika ce magani zai tsare ta. Ina matata?"

"Ka yi haƙuri, ɗana," in ji ta.

Shi ke nan, baki ya buɗe. Wasu suka ce maganin Nasara ƙarya ne, wasu suka ce tsohuwa ta sayar da 'ya'yan mutane. Haba jama'a! Matar da ta wanke ku kuna jarirai? Mata suka riƙa watsa ƙwayoyinsu cikin gota, har da waɗanda likita ya yi wa irin gargaɗin Shetu. Biyu daga cikinsu yanzu haka suna da tsohon ciki.

Gaskiyar ba ta fito ba sai makon jiya, da dokar korar baƙi da gwamnati ta kafa ta cika tasha da kaya da kuka. Na je sallamar maƙwabta, sai Lamisi ta kira ni gefe, goye da yaro. Ita ce wadda ɗakinta ke jikin na Shetu, mijinta Bazabarme ne, za su wuce Nijar.

"Malam, in motarmu ta tashi ka faɗa wa mutane," ta ce. "Maigidana ya hana ni zuwa asibiti, ni kuwa na gaji, kwanika ta ishe ni. Na roƙi Shetu. Ta ce ai Ishawu yana hanya, me za ta yi da magani? Ta ɓalle mini rabin nata. Motar Ishawu ta samu lodi da wuri, ya dawo tsakiyar watanta."

Na ce, "Mma Zuera ta sani?"

"Tun cikin yana ƙarami Shetu ta gaya mata. Ta haɗa ta da Allah kada ta faɗa, don in maigidana ya ji, aurena ya mutu." Ta juya mini bayanta in ga yaron. "Ni ma ga abin da rabin ya yi mini."

Wanda bai zauna unguwar Zongo irin tamu ba zai ce wauta ce. Mu da ake miƙa wa juna gishiri da garwashi ta kan katanga mun san ba haka ba ne. A gidan haya ba a ce wa maƙwabciya babu alhali ta ga abu a hannunka. Shetu mutunci ta yi, kuma shi ya ci ta.

Ke ce, Mma, wadda aka zaga a gaban 'ya'yan da kika yanke wa cibiya, kika haɗiye don auren wata ya tsaya. Ke ce ake ganin mayafinki a ja labule, washegari ki sake dawowa ki yi sallama a ƙofar. Uwar masu jego, rumbun sirrin mata. Abin ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi. Mun gode, Allah Ya saka miki da abin da mu muka kasa. 'Yan matan da ke koyon aikin nas, ku je ku zauna gabanta tun tana da sauran numfashi, ku koyi faɗin gaskiya da riƙon amana. Ku kuma da kuka rufe ƙofa, kun san hanyar gidanta.

Na je na karanta mata wannan kafin in kai shi gidan jarida. Na zaci za ta yi murna. Sai ga hawaye na bin fuskarta.

"Ka wanke ni, na gode," ta ce. "Amma ka ƙara abu ɗaya. Na gaya wa yarinyar nan komai, ban da cewa kada ta ba kowa. Ban taɓa zaton sai an faɗa ba. Ka rubuta musu, wannan ɗaya dai, ko uwarki ce ta roƙa, ki ce babu."