Manhajar da Ke Gaida Albasa

Ina karatun kwamfuta a Aliero na rubuta 'yar manhaja mai tsara wa kawuna ranakun ban ruwan albasarsa a Gehuru. Ƙarama ce, amma da na kunna ta sai kwamfutar ta ɗau zafi, fankarta na gurnani kamar injin niƙa. Na tsine wa wanda ya sayar min da ita. Har kan randa na ɗora ta ko ta huce, a banza.

Wata 'yar ajinmu ta koya min auna inda manhaja ke cinye ƙarfin kwamfuta. Muka auna. Lissafin bai ci komai ba. Ashe gaisuwar da na sa ta riƙa rubutawa ce ke cinye ƙarfin: ina kwana, ina gajiya, ina iyali. Na jefa ta tsakiyar lissafi, sai da ta gaida kowane fangalin albasa sau ba adadi.

Na goge gaisuwar, manhaja ta zama walƙiya. Na kai wa kawu ina taƙama. Ya leƙa, ya ture.

Ya ce, "Wagga ba ta da tarbiyya. Maido min mai gaisuwa, ni ba sauri nikai ba."