Huɗar Gwanja a Gonar Toranke

"Ɗanladi, doya za mu shuka ne a Toranke?"

Muryar Baffa ce, ƙanin mahaifina, ana tsakiyar gayyar huɗa a gonarsa. Na waiwaya. Kowa ya ja kunyarsa a miƙe, ni kuwa tulin ƙasa nake ta jerawa, irin na doya. Shekarun da na yi a Gwanja, inda fataucin goro ya zaunar da ni har na yi gona, sun bi hannuna ban sani ba.

Aka bushe da dariya. Wani ya ce a karɓi garmar, a shimfiɗa wa baƙo tabarma a inuwa.

Kalmar nan ta soke ni. Tun da na dawo ake ware mini akushina daban, kamar wanda zai kwana biyu ya wuce.

Na ce, "Baffa, a gonar nan aka fara ba ni garma. Ba mai karɓarta."

Na baje tulin nan kaf, na sake daga bakin gona. Tafina ya yi bororo ya fashe, ban ɗago ba sai da kunyata ta cim ma ta kowa.

Da aka kawo tuwo na nemi akushina, babu. Baffa ya matsa ya ba ni wuri a kwanonsu. "Sa hannu mana, wa kake jira?"

Wallahi ko ranar da ayarinmu ya dawo daga Gwanja ya shigo Gaya, babban garinmu, ban ji alfahari haka ba.

Ku da kuka daɗe a wata ƙasa, yaushe aka daina ce muku baƙi?