Shayin da na dafa wa jikata

Jikata ta zo wankan gida wurina a Ƙarfi, haihuwarta ta fari. Kullum ina ɗura mata kunun kanwa da romo, har ta yi ɓul-ɓul. Ni kuwa da bakin kaka sai in tsokane ta: "Ke 'yar nan, wane mai babur zai yarda ya ɗauke ki zuwa Funtuwa?" Tana dariya, ashe maganar tana cin ta.

Ran kasuwar Dayi ta aika aka sayo mata wani shayi a kwali, wai na rage ƙiba. Ta ce, "Kaka, dafa mini, yaro ya hana ni tashi." Akwai rubutu a jikin kwalin, ni ban iya karatu ba, ban kuma tambaya ba. Na yi masa yadda muke yi wa saiwa da sassaƙe. Na juye rabin kwalin a tukunya, na bar shi yana ta tafasa har ya yi baƙi ƙirin. Ta toshe hanci ta shanye.

Kwana uku tana zawo, sai da aka ƙara mata ruwa a asibiti. Ma'aikaciyar ta ce ko an dafa daidai, mai shayarwa ba ta shan irin wannan. Jikata ta miƙe, amma nono ya ɗauke, bai kuma dawo ba. Jaririn ya kama, ya saki, ya tsala kuka. Da cokali da madarar gwangwani muka raine shi, Allah Ya raya mana shi.

Har yau ba ta ce mini uffan a kan maganar ba. Da ta yi mini faɗa, da ya fi mini sauƙi.