Gorar Ruwan Nilu ta Malam Gidaɗo

Shekara goma sha ɗaya Malam Gidaɗo yana Alƙahira. Karatu ne ya kawo shi daga Azare. Karatun ya ƙare, shi kuwa ya yi zamansa a unguwar Darrasa yana ɗinke wa ɗalibai littattafan da suka yage. Mutum ne mai ƙyanƙyami. Ko kofin shayi ka miƙa masa, sai ya ɗaga shi sama ya ƙura masa ido kamar mai duban wata.

Kogin Nilu ne kaɗai ya tsira daga ƙyamarsa. Akwai tsohuwar taswira a bangon shagonsa, duk wanda ya kawo littafi kuwa sai ya sha darasi. "Ka ga nan? Duwatsun Ruwenzori, tsakanin Yuganda da Kwango. Ƙanƙara ce a kansu rani da damina. In ta narke ta gangaro Kogin Semliki, ta faɗa Tafkin Albat, ta bi Farin Nilu, a Kartum ta haɗu da Shuɗin Nilu, sai Aswan, sai mu." Kafin ka ƙifta ido yatsansa ya gama tafiyar. In wani ya ce, "Ya Ustaz, ai yawancin ruwan na damunar Habasha ne," sai ya ce ma'alish, wato ba komai, shi dai ƙanƙarar yake faɗa. Kogin kuwa ta tagar mota kawai ya san shi, a kan gada.

Ana nan sai surukarsa, Hajiya Zeinabu, ta zo ganin likitan gwiwa. Rannan ta jiwo shi daga ɗaki yana yi wa baƙi darasin. Da yake akwai kunya tsakaninsu, ta aiko matarsa Mardiya.

"Inna ta ce a ɗebo mata gora guda. Ruwan ƙanƙara, wanda ya ɗauki Annabi Musa! Za ta sha, ta kai wa mutanen gida."

Suruka ba a ce mata a'a. Gidaɗo ya ɗauki gora ya sauka bakin ruwa. Subhanallahi! Ledoji, totuwar masara, baƙin mai na jiragen shaƙatawa yana sheƙi, ga mataccen kifi ya kumbura ciki sama. Can gefe wani yana wanke dokinsa, dokin ma bai tsaya ga wanka kaɗai ba. Ya komo gida ya cika gorar a famfo, yana lallashin zuciyarsa da cewa ai shi ma Nilu ne.

Hajiya ta kurɓa ta tofar. "Warin asibiti! Mardiya, ki ce wa mijinki na girmi wannan wayon."

To, ko ya tashi maƙaryaci a idon suruka, ko ya shayar da ita abin da ya gani. Ya koma bakin kogi, ya sa hannu cikin leda, ya kau da kai ya ɗebo. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ajiye gorar, ruwan kore-kore, wani abu yana yawo a ciki.

"Ki ce masa ya fara," in ji Hajiya.

Ya buɗe murfi, ya kai baki, ƙarni ya buge shi har ƙwalla. Ranar ya fara yi mata magana baki da baki.

"Hajiya, a gafarce ni. Ƙanƙarar gaskiya ce, amma tana da nisa. Tsakaninmu da ita akwai mutane da yawa, har da doki."

"Tir! Ajiye, ɗan nan, kada ka jefa min 'ya cikin takaba. Ni ma bakin kogi na girma, na san abin da kogi ke ɗauka. So nake in ji ko za ka faɗi gaskiya."

Mardiya ta toshe hanci ta fita da gorar. Ruwan famfo Hajiya ta tafi da shi Azare, da warinsa da komai.

Har gobe Gidaɗo yana darasinsa. Sai dai yanzu in yatsansa ya baro Aswan yakan rage gudu, in ya iso Alƙahira kuma ya goge shi a jikin riga.