Maɓallan da Ba Su Jin Dannawa

Dinatu 'yar unguwar Sintali ba ta yi karatu mai zurfi ba. Buga wa mutane takardu take yi a wani ɗan shago kusa da Kasuwar Jalingo, a nan ta koyi kwamfuta da kanta, kaɗan-kaɗan, har ta iya leƙa rubutun da ke tafiyar da shafin intanet. Shi ya sa ƙungiyar manoman shinkafa ta ɗauke ta aiki.

Shafin ƙungiyar tsoho ne, wanda ya gina shi ya daɗe da barin gari. Kowane suna da maɓallinsa a gefe, sai an danna shi sannan manomi zai shiga jerin masu samun iri.

Wata Alhamis manoma talatin da ɗaya suka zo daga Sunkani, ga shi da azahar za a rufe jerin. Dinatu ta shigar da sunayensu, sababbin maɓallai suka fito tsaf. Ta danna. Shiru. Na tsofaffin sunaye kuwa suna aiki.

Goni, shugaban ƙungiyar, ya karɓi linzamin kwamfutar ya danna da iyakar ƙarfinsa.

"Baba, za ka fasa shi!"

"Sabon abu tauri gare shi, 'yata. Sai an murza."

"Ai ba takalmi ba ne."

Manoman da ke bakin ƙofa suka kwashe da dariya, amma kowa na duba rana.

Dinatu ta buɗe tsohon rubutun tana bi layi-layi da yatsa. Can ta ce, "Af!" Ashe da an buɗe shafi, rubutun yakan zaga sau ɗaya, ya nemo maɓallan da ke nan, ya sa wa kowanne kunnen jin dannawa. Wanda ya zo daga baya, ko da kamarsu ɗaya, ba ruwansa da shi.

Sake buɗe shafin zai zubar da sunayen, don haka ta fara kwafe su gefe. Sannan ta canza layi guda: ta ɗora kunnen a kan jadawalin sunayen gaba ɗaya, duk dannawar da ta taso daga ciki ya duba, in maɓalli ne ya amsa.

Ta sake buɗe shafin, ta mayar da sunayen, ta danna na farko. Ya zama kore, alamar sunan ya shiga jerin.

"Useko!" in ji Goni, yana godiya da Fulatanci. "Ci gaba, kada ya canza shawara."

Ana kiran azahar ta danna na ƙarshe. Manoman suka tafi neman motar Sunkani suna gardamar wa zai riga shuka.